Gurasa, Tabarma da Shehun Riwaƙi: Yadda Azhar Ta Riƙe Ɗaliban Duniya

Idan ana hirar Azhar a wajenmu, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne manyan malamai da tulin littattafai da jar hular nan mai farin rawani. Ba kasafai ake tambayar inda ɗalibin da ya taso daga Katsina ko Kukawa ko Abeshe yake kwana ba idan ya isa Alƙahira, ko wa ke ba shi kalaci, ko wa zai tsaya masa in ciwo ya kayar da shi. Ni kuwa wannan ɓangaren ne ya fi jan hankalina a tarihin makarantar, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Makarantu masu manyan malamai sun yi yawa a duniyar Musulmi, da yawansu kuma sun mutu. Azhar ta haura shekara dubu a raye, ta tara Baturke da Bahabashe da Bajawe da Babarbare a tsakar gida ɗaya, kuma a ganina babban sirrin abin yana cikin tsarin da ta yi wa ciki da makwancin baƙon ɗalibi. Wannan tsarin nake so mu bi tare, ya kai mai karatu, tun daga mafarinsa har zuwa inda ya shafe mu.

Mafari

Fatimawa ne suka gina masallacin. Kwamandansu Jauhar ya aza tubalinsa a shekarar 970, aka fara sallar Juma'a a cikinsa a 972. A farkon lamari masallacin gwamnati ne kawai, inda ake huɗuba da sunan halifa. Ya soma zama makaranta ta dindindin a 988, lokacin da waziri Yaƙubu bin Killis ya nemi halifa Al'aziz ya yanka wa wasu masana fiƙihu 35 albashi, aka kuma gina musu gida a jikin masallacin. Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya ce har tufafi aka ba su ranar ƙaramar salla, aka ɗora su a kan alfadarai. A lura da abin da aka fara da shi: albashi da ɗaki. Karatun ya zauna ne bayan an zaunar da masu yinsa.

Da Salahuddin ya kawar da daular Fatimawa a 1171, Azhar ta shiga wani dogon barci, har sallar Juma'a aka daina yi a cikinta kusan shekara ɗari, sai a zamanin Sarki Baibars aka dawo da ita. Daga nan ne ta tashi a matsayin cibiyar Ahlus Sunna, kuma ɗalibai suka fara kwararowa daga ko'ina.

Kuɗin mutanen Kanem

Kafin mu shiga cikin Azhar kanta, akwai labarin da ya kamata kowane ɗan yankin tafkin Chadi ya sani. Maƙrizi ya kawo cewa bayan shekarar 640 ta Hijira, wato wajajen 1240 zuwa 1250, wasu mahajjata daga Kanem sun sauka Masar, suka damƙa wa wani alƙali mai suna Alamuddin bin Rashiƙ dukiya don ya gina musu makaranta ta Malikiyya a tsohon birnin Fusɗaɗ. Ya gina, ya koyar a cikinta, har aka san ta da sunansa. Maƙrizi ya ƙara da cewa makarantar ta yi suna ƙwarai a ƙasashen Takrur, kuma kusan kowace shekara sai an aiko mata da kuɗi daga can. Wannan ya zo daidai da zamanin Mai Dunama Dibbalemi.

Wato kusan shekara 800 da suka wuce, kakanninmu na wannan yanki sun gane cewa ɗansu da zai je neman ilmi a ƙasar wani yana bukatar wurin da zai kira nasa, kuma ba su jira mai masauki ya yi musu ba. Su suka kai kuɗin, su suka ci gaba da aikawa ta cikin hamada a bayan raƙuma. Zan dawo kan wannan maganar a ƙarshe.

Mene ne riwaƙi?

A Larabci, riwaƙi shi ne rumfar da ke tsakanin ginshiƙan masallaci, wadda ke kewaye da tsakar gida. A Azhar kalmar ta ɗauki wata ma'ana: sashen da aka keɓe wa ɗaliban wata ƙasa ko wani yanki ko wata mazhaba. Nan suke kwana a kan tabarmi, nan akwatunansu da ɗan abin da suka mallaka suke, nan littattafansu na waƙafi suke. Ɗalibin da ke zaune a masallacin ana ce masa mujawiri, wato maƙwabcin ɗakin Allah.

Tun a 1415 Maƙrizi ya ƙirga mazauna masallacin 750, cikinsu har da Farisawa da mutanen Zaila da na Magrib da na ƙauyukan Masar, kowane rukuni da riwaƙinsa. A wannan shekarar ma wani basarake da aka ɗora wa kula da masallacin ya kore su, ya sa aka fitar da akwatunansu, yana ganin sun mayar da wurin ibada ɗakin kwana. Maƙrizi ya soki wannan aiki sosai. Korar kuwa ba ta ɗore ba, mujawirai suka dawo, riwaƙai suka ci gaba da ƙaruwa.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da Ali Mubarak ya rubuta babban littafinsa kan gine-ginen Masar, jerin riwaƙan Azhar ya zama kamar taswirar duniyar Musulmi. Akwai na Turkawa, na mutanen Sham, na Magribawa, na Kurdawa, na Indiyawa, na Yamanawa, na Bagadaza, na Makka da Madina, da na Jawa, inda mutanen Indunusiya da Maleshiya na yau suke sauka. Daga ɓangarenmu akwai riwaƙin Jabarti na Musulmin Habasha da gaɓar Somaliya, da na Sinnar, da na Darfur, da na Dakarna Sulaihi na mutanen Wadai da kewayen tafkin Chadi, da kuma riwaƙin Barnawa, inda ɗan Barno da maƙwabtansa na yamma suke samun masauki. Kalmar Dakarna ɗin nan daga Takrur ta fito, tushe ɗaya da "Takari" da har yau ake kiran mutanenmu da shi a Makka. An kuma yi riwaƙin Ibn Mu'ammar don wanda ya zo bai tarar da na ƙasarsu ba, sannan a wajen masallacin akwai zawiyar makafi da aka gina musu a ƙarni na 18.

Kowane riwaƙi yana da shehunsa, galibi daga cikin ƴan ƙasar, da naƙibi mai riƙe da littafin sunaye. Shehun ne ke tantance sabon zuwa, ya raba faɗa, ya kula da dukiyar waƙafi, ya yi magana da Shehun Azhar ko da hukuma a madadin mutanensa. Duk Bahaushen da ya san zango a Kumasi ko Accra ba zai sha wahalar gane wannan ba. Abin da sarkin zango da mai masauki suke yi wa fatake, shi shehun riwaƙi yake yi wa almajirai: ka sauka a hannun wanda ya san yarenka, ya san garin, kuma garin ya san shi.

Jiraya

Ginshiƙin duk tsarin shi ne jiraya, wato rabon gurasar da ake yi wa ɗalibai da malamai daga kuɗin waƙafi. Sarakuna da attajirai, maza da mata, sukan tsayar da gona ko shago ko gida, su ce amfaninsa na mujawiran riwaƙi kaza ne har abada. Daga nan ake sayen alkama a gasa gurasa, naƙibi ya raba bisa sunayen da ke cikin littafi. Ba kowa ke samu nan take ba. Gurabun suna da iyaka, sabon zuwa yakan jira sai wani ya kammala ko ya koma gida ko ya rasu. Wanda ya daɗe rabonsa ya fi na sabo, na malami ya fi na ɗalibi, kuma wanda ya yi dogon fashi ana yanke masa. Wanda ya samu fiye da cikinsa yakan sayar da rarar a ƙofar masallaci ya sayi mai ko wake ko takarda. Kafin a kawo jarrabawa a 1872, littafin jiraya shi ne kusan rajistar makarantar. Ba mamaki, tunda a Larabcin Masar sunan gurasa "aish", wato rayuwa.

Cikin waɗanda suka fi yi wa wannan fanni hidima akwai Abdurrahman Katkhuda, wanda ya faɗaɗa masallacin a wajajen 1753. Ya gina wa mutanen kudancin Masar riwaƙinsu, ya ƙara yawan gurasa, ya tsayar wa ɗakin girki shinkafa da man shanu da nama a kowace rana ta Ramadan. Ɗaya daga cikin ƙofofin da ya yi har yau sunanta Babus Shurba, ƙofar miya, saboda kusancinta da inda ake dafawa a raba. Ban san wata jami'a da ta sa wa ƙofarta sunan miya ba, kuma a wajena wannan sunan ya isa shaida.

Kada a ɗauka daula ce. Taha Husaini, makahon marubucin nan da ya shiga Azhar a 1902, ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa irin rashin kyan gurasar da kuma yadda ɗalibi zai yi watanni yana cin ta da baƙar zumar rake. Amma wannan gurasar marar daɗi ita ta ba ɗan talaka, har da makaho, damar ya zauna shekara goma yana karatu ba tare da ya biya ko sisi ba.

Bakatsine a gidan Bahabashe

Akwai wani labari da nake ƙauna, domin yana nuna abin da wannan cuɗanya take haifarwa. Muhammadu bin Muhammad Alfulani Alkashnawi, malami ne daga ƙasar Katsina, masanin lissafi da taurari da ilmin hatimi. Bayan ya yi aikin hajji wajajen 1730, ya zauna a Alƙahira yana koyarwa yana rubutu. Wanda ya saukar da shi shi ne Shehu Hasan Aljabarti, wanda gidansu ke riƙe da shugabancin riwaƙin Jabarti kaka da kakanni, shi ma masanin taurari ne. A gidansa Alkashnawi ya rasu a 1741, bayan ya yi wasiyya cewa Shehu Hasan ya kula da littattafansa da abin da ya bari. Shehu Hasan ya binne shi a maƙabartar mujawirai. Ɗansa Abdurrahman Aljabarti, babban masanin tarihin Masar, shi ya rubuta mana wannan labari.

Dubi yadda abin ya tafi: mutumin ƙasar Hausa, a gidan jikan Habashawa, a birnin Larabawa, ƙarƙashin mulkin Turkawa. Ɗan mai masaukinsa ne ya adana sunansa, har mu da muka fito ƙasa ɗaya da shi muka zo muna karanta shi daga can. Riwaƙi ya raba makwanci, amma zoben karatu a gindin ginshiƙi na kowa ne, kuma a nan ake ƙulla irin wannan zumunci.

Harshe da haƙori

Tsarin yana da nasa aibin, kuma tarihi bai ɓoye shi ba. Na farko, riwaƙai ba ɗaya suke ba. Na Turkawa da na Magribawa da na Sham suna da waƙafi mai kauri da ɗakunan littattafai masu daraja. Na Barnawa da na Dakarna ƙanana ne, ɗalibansu kaɗan, rabonsu kaɗan. Ɗalibai biyu za su zauna gaban malami ɗaya, amma abin da kowa zai ci da dare ya dogara ga arzikin ƙasarsu da kuma ko masu kuɗin ƙasar sun tuna da shi.

Na biyu, inda aka raba mutane gida-gida, ƙabilanci ba ya nisa. Aljabarti ya kawo rigimar da ta biyo bayan rasuwar Shehun Azhar Ahmad Damanhuri a 1778, inda shehun riwaƙin Sham, Abdurrahman Al'arishi, ya nemi kujerar, Shafi'awan Masar suka tsaya kan Ahmad Al'arusi. Ana cikin haka faɗa ya ɓarke tsakanin Turkawa da mutanen Sham har jini ya zuba.

Na uku shi ne lafiya. Ɗaruruwan mutane a cunkushe, ba likita. A 1896 annobar kwalara ta shiga Alƙahira, lokacin Masar tana hannun Ingila. Wani ɗalibi ya kamu a riwaƙin Sham, jami'an lafiya suka zo ɗaukarsa, ƴan uwansa suka hana, domin a tunaninsu wanda aka kai asibitin annoba ba ya dawowa. Aka yi jifa, ƴan sanda suka buɗe wuta a cikin masallaci, aka rasa rayuka, aka rufe riwaƙin na wani lokaci. Amanar da ɗalibai suka ba riwaƙinsu ta fi wadda suka ba gwamnati, kuma ba a samu wanda zai tsaya a tsakani ba. Daga baya aka buɗe riwaƙin Abbasi, sabon gini da Khidiwi Abbas Hilmi na biyu ya yi, aka tanadi wurin likita da na magani a cikinsa.

Daga riwaƙi zuwa Madinatul Bu'us

Ƙarni na 20 ya sauya komai. Aka mayar da jiraya kuɗi, aka kafa kwalejoji da azuzuwa, ɗalibai suka fara zuwa daga wurare masu nisa a matsayin tawaga. A 1925 ɗaliban Indunusiya da Malaya suka fara buga mujallarsu a Alƙahira mai suna Seruan Azhar, wadda ta taimaka wajen farkar da mutanensu kan mulkin mallaka. A 1931 tawagar farko ta Musulmin Sin ta iso, cikinta har da Ma Jian, wanda daga baya ya fassara Alƙur'ani zuwa Sinanci. A 1952 ma mutumin da aka haifa a Tunisiya, Muhammad Alkhidir Husaini, ya zama Shehun Azhar.

Gwamnatin Jamal Abdunnasir ta ga cewa tsoffin rumfuna ba za su ɗauki wannan taro ba, kuma tana son ƙulla zumunci da ƙasashen Afirka da Asiya da ke samun ƴancin kai. Sai aka gina Madinatul Bu'usil Islamiyya a unguwar Abbasiyya, aka buɗe ta a 1959: gari guda na ɗalibai baƙi, da ɗakunan kwana da wurin cin abinci da asibiti da masallaci da filin wasa. Dokar 1961 ta ƙara wa Azhar fannonin likitanci da injiniyanci da noma, shekara guda bayan haka aka buɗe kwalejin mata. Yau ɗaliban da ke Azhar sun fito daga ƙasashe fiye da 100.

A nan ne ni ma na yi shekarun karatuna, kuma abin da na gani shi ne gwamnati ta ɗauke aikin gurasa da rufi, amma aikin shehun riwaƙi bai samu magaji a takarda ba, sai ɗalibai suka ƙirƙiro shi da kansu. Kowace ƙasa tana da ƙungiyarta. Tsofaffin ɗalibai su ke tarbar sabo a filin jirgi, su raka shi neman takardar iƙama, su nuna masa motar da zai hau, su koya masa Larabcin kasuwa. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, domin za ka ga yaro ya haddace Alfiyya tun daga Damagaram, amma ya je sayen wake ya yi wa mai shago Larabcin littafi, mai shago ya amsa masa da "sadaƙallahul azim". In wani ya kwanta asibiti, ƙungiya ce ke yin karo-karo. In rasuwa ce, ita ke kiran gida.

Mu kuma mun samu wani riwaƙi marar bango, wato harshen Hausa. Ɗan Nijar da ɗan Najeriya da ɗan zangon Gana da na Garwa da na Anjamena da jikan Hausawan Sudan, fasfo daban-daban, wannan ya yi boko da Faransanci wancan da Ingilishi, amma in aka tuƙa tuwo ranar Juma'a tire ɗaya ake kewayewa. A filin ƙwallo kuwa da layin abinci da daren azumi, kana tare da Bajawe da ɗan Tailan da ɗan Bosniya, kuna lallaɓa Larabcin da ba na uwar kowa ba. Abin da na koya game da faɗin duniyar Musulmi a wannan layin abincin bai gaza wanda na koya a aji ba.

Mu fa?

Gurabun Madinatul Bu'us suna da iyaka kamar yadda jiraya take da iyaka. Ɗalibai da yawa da suka zo da kuɗin iyayensu haya suke kamawa a unguwanni irin su Hayyul Ashir da Darrasa, mutum biyar ko shida a gida ɗaya. A nan bambancin da ke tsakanin riwaƙin Turkawa da na Barnawa ya sake dawowa da sabuwar riga. Jihohin Maleshiya da dama sun mallaki gidaje a Alƙahira don ƴaƴansu, ɗalibi ya sauka a gidan jiharsu ya tarar da gado da wanda zai kula da shi. Namu kuwa galibi ƙungiyar ɗalibai ce kaɗai gatansu, ita ma da aljihun ɗalibai take tafiya.

Ko a gida darasin ɗaya ne. Jami'ar Musulunci ta Say, wadda taron ƙasashen Musulmi na Lahor ya amince da kafa ta a 1974, tana tara ɗalibai daga ƙasashen yammacin Afirka, masu Faransanci da masu Ingilishi, kuma duk abin da riwaƙi ya fuskanta na makwanci da abinci da zaman tare tana fuskantarsa. A Yamai kuwa ba mu manta da ranar 9 ga Fabrairun 1990 ba, lokacin da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy suna zanga-zanga kan matakan tsuke bakin aljihu da suka taɓa karatunsu da alawus ɗinsu. Wannan jinin yana cikin abin da ya kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. Maganar cikin ɗalibi ba ta taɓa zama ƙaramar magana ba.

Yanzu bari in dawo kan mahajjatan Kanem kamar yadda na yi alkawari. Sun yi tafiyar watanni a kan raƙumi, kuma a cikin guzurinsu suka ware na ɗalibin da ba su sani ba, wanda ma ba a haifa ba. Yau alhazanmu dubbai ne kowace shekara, jirgi ke kai su cikin sa'o'i, wasu sun je sau goma. Masallatai kuwa muna gina su har biyu a layi ɗaya. Waƙafin gida guda a Hayyul Ashir, ko a Say, ko a Harobanda kusa da jami'ar Yamai, wanda za a rubuta cewa na ɗalibai ne har abada, a naɗa masa amintaccen mai kula da littafin sunaye, bai fi ƙarfin attajiran Maradi ko Kano ko Kumasi ba. Tsarin ba baƙo ba ne, namu ne tun zamanin Mai Dunama. Allah ya jiƙan waɗanda suka gasa wa almajirai gurasa, ya ba mu ikon yin koyi da su.